Lamba Ta Talatin

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka isa Kano lafiya, ka sami masauki mai kyau, kuma gajiyar hanya ta sake ka. Yaya baƙunta, yaya mutanen da ka tarar? Allah Ya tsare ka a fitarka da shigarka, Ya haɗa ka da abokan arziki. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana cin abinci. Na ce mata tun da na san ka ban taɓa ganin ka ji kunyar tuwo ba, ba na jin a Kano za ka fara.

Na san ba wasiƙa kake jira ba. Samfurin iccen nan na ɗan dambe kake jira, wanda Alhajin da ya ɗauke ka aiki a masana'antarsa ta roba ya ce ka kawo masa, ya buga dubbai, ya rubuta musu "Bahagon Madadi na asali" a kwali. Ka ce mini yadda ya nuna yana son abin, zamanka a wurin zai iya ta'allaƙa da shi. Ranar da ka roƙe ni ban ba ka amsa ba, na duƙufa ina gyaran zuga-zugin da ba abin da ya same shi. Ka tafi da tunanin rowa na yi maka. Don haka kafin ka kwance ƙunshin da direba zai ba ka, ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe. Bakina ba ya iya irin wannan magana a gaban ɗana, amma hannuna zai gwada.

Kai ka tashi ka gan ni ina zubin tukwane da ludaya na alminiyam a nan Gwarzo, ka kuma ji mutane suna ce mini Habu mai ɗan dambe. Ga inda sunan ya samo asali. A zamanin tsuke bakin aljihu, shekarar da Innarka take da cikinka, kasuwa ta mutu murus. Mutane suna bin layi don sabulu da madara, wa zai sayi sabuwar tukunya? Mace sai ta kawo tsohuwa ta ce in like mata. Kayan wasan roba da ake kawowa daga waje ma suka ɓace daga tebura. Ina zaune ba aiki, sai na ɗauki guntun icce na sassaƙa ɗan dambe mai tsawon tafin hannu, na danna shi a ƙasar zubi, na zuba masa ragowar narkakken gwangwani. Hannun hagunsa na zuba shi daban, na maƙala shi da ƙusa, na ɗaura robar tayar keke ta baya. In ka ja hannun ka saki, sai ya kai naushi. Wasa nake yi, wallahi, don kada zaman banza ya haukata ni.

Na tafi da shi kasuwar Kabo tare da ludaya. Wani malamin firamare mai tsohon keke ya tsaya ya ɗauka, ya juya shi, ya sake juyawa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Shi ne Malam Isyaku, wanda kake kira Baban Kabo. Ya ce, "Malam, ka san Bahagon Madadi ne?" Na ce wa bai san shi ba a ƙasar nan, ai tsayuwarsa na tuna na sassaƙa. Ya ce, "Yayana ne. Bara Allah Ya yi masa rasuwa. Da wannan hannun na hagu ya yi mini karatu."

Bayan mako guda ya zo har maƙerata da wani ƙullin tsumma. Zaren da marigayin yake ɗaure hannu da shi ne in zai shiga fage. Gara ta cinye mafi yawansa a ɗaki, abin da ya tsira kaɗan ne. Ya ce yana so in zuba irin wannan ɗan damben, in naɗa wa kowane ɗan zaren a dunƙulen hannu, don masoyan yayansa su sami abin tunawa. Muka zauna a tabarma muka warware zaren, muka auna, muka yanka. Ya kai talatin cif, ko ɗaya bai ƙaru ba. Na yi masa alkawari a wurin cewa talatin zan zuba, in sa wa kowane lamba a tafin ƙafa da bakin ƙusa, daga nan in tsaya. Shi ya ɗauki lamba ɗaya. Innarka kuwa ta ɗauki lamba talatin ta ɓoye a cikin kwallarta, ta ce na abin da ke cikinta ne, ko mace ko namiji.

Nafi'u, ban taɓa ganin abin da ya tafi kamar wannan ba. Ni na zaci yara ne za su so shi, ashe manya ne. Mahauta abokan sana'ar marigayin, direbobi, makaɗan dambe, har wani tsoho daga Mainika da ya tako a ƙasa. Da aka ji cewa talatin ne kawai kuma zaren Bahago ne a jiki, sai wanda bai ma taɓa kallon dambe ba ya ce shi ma yana so. Kafin sati uku sun ƙare. Sai ga wani mai awon hatsi daga Sabon Birni ya zo a makare, ya zauna ya ƙi tafiya, yana ta ƙara tayi. Na ce babu, ya ƙara. Na ce wallahi babu, ya sake ƙarawa. Sai na tashi na shiga gida, na tarar Innarka ta je unguwa, na buɗe kwallarta na ɗauko naka na miƙa masa.

Da ta gane ba ta yi faɗa ba, kuma na fi son da ta yi. Ta dai dube ni ta ce, "Malam, yaron bai zo duniya ba har ka fara cin kayansa." Daga nan ba ta ƙara tada zancen ba har yau. Ka ji wannan da kyau. Duk abin da za ka sayar, ka ware wanda ba na sayarwa ba ne tun kafin mai saye ya zo, domin in ya zo ya zauna yana ƙara tayi, hankalinka ba naka ba ne. Kuma abin da aka ajiye da sunan wani ya zama nasa, ko da bai san da shi ba.

Da a nan na tsaya da da sauƙi. Amma mutane ba su daina zuwa ba, gero kuma bai daina tsada ba, ga bikin sunanka yana matsowa. Samfurin yana nan a kan kanta yana kallona. Na ce wa kaina, wa zai sani? Na sayi zaren saƙa a kasuwa, na jiƙa shi a ruwan goro, na rataye shi a hayaƙin murhu har ya yi kama da tsoho. Na sake zubi. Wajen lamba kuwa sai na koma daga biyu na sake hawowa, tunda na riga na shaida wa duniya talatin ne. Na yi haka har sau uku. Ina kai su kasuwanni na nesa ina cewa wani ne ya dawo da nasa. Ragon sunanka da wannan zaren na ruwan goro aka saye shi, gara ka sani daga bakina.

Abin ya fashe ne a rumfar mahauta ta Kabo. Mutum biyu, duk abokan marigayin, kowa yana alfahari da nasa, sai suka juya tafin ƙafa suka ga duk lamba sha bakwai ce. Kowa ya ce na ɗan'uwansa ne na ƙarya, har aka kai ga cin kwala. Aka kai wa Malam Isyaku ya raba gardama. Bai raba ba. Ya karɓi duka biyun, ya hau kekensa cikin rana tsaka ya taho Gwarzo.

Ina cikin hura wuta na ji sallamarsa. Muka gaisa, ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, ya tambayi kasuwa, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya fito da su ya jera a kan tabarma, ƙafafu suna kallona. Ya ce, "Malam Habu, ni dai na san yayana ya bar zare, amma ban san zaren yana haihuwa ba." Ya yi murmushi. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara kawo masa zancen tsadar hatsi, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Na san tsadar hatsi, ni ma a ƙasar nan nake kwana. Ba kuɗin da ka ci ne ya dame ni ba. Mutanen nan abin da ya taɓa jikin abokinsu suke so su riƙe. Yanzu ko mai na gaskiyar ba shi da tabbas. Ka ƙwace wa mutum talatin abin da suka riga suka mallaka."

Har yau ban ji wanda ya bayyana mini sana'ata kamar wannan malamin makaranta ba. Alminiyam ɗin da ke jikin ɗan damben bai kai na ludayi biyu ba. Abin da mutane suka saya maganata ce, cewa talatin ne. Ka riƙe wannan a inda kake, tunda injin Alhajinku a yini ɗaya zai fitar da abin da ni ba zan zuba a shekara ba. Yin abu da yawa ba laifi ba ne, yaran talakawa ma suna son abin wasa mai araha. Laifin shi ne ka yi da yawa ka ce kaɗan ne, ko ka yi sabo ka ce na asali ne. In an ce ka rubuta adadi a jikin kaya, ka tambaya ko za a tsaya a adadin. In ba za a tsaya ba, kada hannunka ya rubuta.

Malam Isyaku yana da ikon ya tona ni a kasuwar Kabo, kuma da ya yi da babu mai ƙara sayen ko cokali a hannuna. Bai yi ba. Cewa ya yi in tona kaina. Na yi wata biyu ina bin kasuwanni, Madadi, Mainika, Sabon Birni, Kabo, da almakashi da magagari a aljihu. Ni na san nawa na ƙarya, don ƙullin zaren ya bambanta. Duk wanda na samu sai in faɗa wa mai shi gaskiya, in yanke zaren, in goge lambar, in ba shi tukunya ko ludayi a madadin yaudarar. Wani ya zage ni tas a gaban jama'a, kuma ya yi daidai. Wani ya yi dariya ya ce ai shi da ma naushin yake so. Da na gama, na ɗauki samfurin na kai wa Malam Isyaku har gida, na ce ya riƙe, don ni ban yarda da hannuna ba. Ka ga dalilin da ya sa na yi shiru da ka tambaye ni. Samfurin ya fi shekara ashirin ba ya gidanmu.

Abin mamaki, daga wannan yawon tonon asirin ne kasuwata ta tashi. Mata suka riƙa cewa a kai wa Habu, in tukunyarsa tana da rami zai faɗa. Da wannan aka ciyar da ku, aka yi muku karatu. Duk loma da ka ci a gidan nan akwai hannun Baban Kabo a ciki, kuma ban taɓa iya gode masa yadda ya kamata ba.

Akwai wata wautar da ka gani da idonka, amma ba ka san cikinta ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, gidajen dambe suka yi sanyi a wajenmu, aka fara maganar hukuncin ƙera siffofi a majalisu. A lokacin ina da 'yan abubuwan wasa da nake zubawa, manomi da garma, mai kokawa, mai tallan nono, ka tuna su a kan kanta. Wani ya wuce ya ce mini, "Habu, ka shirya amsa." Ban tambayi kowa ba, tsoro ya sa na kwashe su duka na zuba a wuta, aikin shekaru ya koma ludaya a yini ɗaya. Sai bayan na gama na je wurin Malam Sani na Islamiyya ina jiran yabo. Ya saurare ni, ya girgiza kai ya ce, "Malam Habu, ai tambaya kafin aiki ake yin ta. Yanzu me zan ce maka, in ce ludayan su koma?" Ya zaunar da ni ya yi mini bayani cewa malamai sun yi magana mai faɗi a kan wannan, akwai sauƙi a abin wasan yara, kuma in ina son kauce wa saɓani in bar fuskar a shafe, ba ido ba baki. Na gode masa, don shi ya dawo mini da sana'ar da na ƙone da hannuna. Kai ma aikin siffofi ka je yi. Ka nemi malami mai tsoron Allah a unguwarku ka tambaye shi tun yanzu, kada ka ɗauki fatawa daga bakin mai wucewa.

Ba ni kaɗai na tsorata a lokacin ba. Da yawa daga masu ɗan damben nan sun jefa nasu a rijiya ko sun kawo an narka. Cikin talatin ɗin ban san ko goma sun rage ba. Shi ya sa yanzu masu tara irin waɗannan abubuwa a birni suke nemansu ido rufe, shi ya sa kuma Alhajinka ya ji sunan Bahago. Ban ce mugun mutum ba ne. Ɗan kasuwa ne, ya ga ana nema, kamar yadda ni ma na gani.

Yanzu ga kuskurena na ƙarshe, kuma bai kai kwana biyar ba. Bayan tafiyarka na kasa sukuni. Na ce yaron nan ya sami aiki a lokacin da masu takardu suke yawo, in bari guntun icce ya raba shi da shi? Na shiga mota na tafi Kabo. Ka san idon Baban Kabo ya tafi, sai dai ya gane mutum da murya. Na same shi a zaure, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai ce mini alkawari fa ba. Ya sa hannu a ƙarƙashin matashinsa ya ciro samfurin. Nafi'u, iccen ya yi sumul yana sheƙi, kafaɗun har sun lotsa saboda shafa. Ya miƙo mini ya ce, "Kai ka sassaƙa, naka ne. In zai taimaki yaron, ka kai masa."

Sannan ya kira matarsa ta ɗauko wani ƙullin. Ya ce, "Wannan kuma tunda yaron ya bar gida, lokacinsa ya yi." Na kwance, sai ga ɗan dambe da zarensa na gaskiya. Na juya tafin ƙafa. Talatin. Ya ce tun a wancan lokacin Innarka ta faɗa wa matarsa abin da na yi, shi kuma ya hau keke ya je Sabon Birni wurin mai awon hatsin. Mutumin ya ƙi sayarwa ko nawa ne, sai dai musaya da lamba ɗaya. Ya ba shi. Na ce, "Malam, naka na yayanka ka bayar? Kuma shekara ashirin ba ka faɗa mini ba?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Da na ba ka a lokacin ai da ka sake sayarwa."

Na fito da ƙulli biyu a hannu na nufi tasha. Har na sa ƙafa a mota sai lissafin ya zo mini. Lamba ɗaya ya bayar saboda kai. Lamba talatin ga ta a hannuna. Samfurin da yake shafawa yana tuna tsayuwar yayansa, shi ma ga shi a hannuna. Na bar makaho a zaure ba shi da komai na ɗan'uwansa, kuma zan kai abin a buga dubbai da sunan da ya roƙe ni in tsare. Na sauko, kwandasta yana ta mita, na koma a ƙasa. Na sa masa samfurin a tafin hannu. Ya shafa kafaɗun, ya ce, "Malam Habu, ashe ka warke."

To ka ji. Samfurin ba ya cikin ƙunshin, kuma ba zai zo ba. Ka faɗa wa Alhaji haka da ladabi, ka ce mahaifinka ya yi alkawarin talatin, kuma talatin ɗin sun cika tun kafin a haife ka. In yana son ɗan dambe na roba, ka sassaƙa masa sabo da hannunka, ba suna, ba lamba, ba zare, ya buga ko nawa yake so yara su yi wasa. Na sa maka wuƙaƙen sassaƙata guda uku da iccen da ya bushe sosai. Hannunka ya fi nawa, ban taɓa faɗa maka ba ne don kada kanka ya kumbura. In ya ce ba samfur ba aiki, ka yi masa godiya ka dawo gida. Zuga-zugin nan lafiyarsa ƙalau, ka ga ma kwanan nan na gyara shi.

A ƙasan ƙunshin, cikin tsumman da Innarka ta naɗe da hannunta tana kuka tana dariya, za ka sami lamba talatin. Alhaji zai gan shi, kuma zai taya, zai ƙara, zai sake ƙarawa. Na san yadda wannan zaman yake, na taɓa faɗuwa a cikinsa. Ni na sayar da shi kana ciki, wani ya ba da abin da ya fi so a duniya ya fanso maka shi. Naka ne, ba ni da sauran iko a kansa.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya sa albarka a hannunka, Ya ba ka aboki ko da ɗaya ne irin wanda Ya ba ni. In ka yi salla ka sa Baban Kabo a addu'a, da yayansa. Kuma ranar da ka zo gida, kafin ka sauka a Gwarzo ka tsaya a Kabo, ka sa masa ɗan damben a hannu ya shafa zaren.

Wassalam.

Mahaifinka,
Habu